Wankin Ciwon Deolinda

Talata, 4 ga Yuni, da yamma

Mun dawo gida. A asibiti an ce in riƙa rubuta yadda ciwon yake, launinsa da abin da yake fitarwa, don nas ɗin da za ta riƙa zuwa ta gani. To me zan rubuta? Deolinda ba ta bar ni na gani ba. Tun muna da baƙin gashi muke kwana ɗaki ɗaya, yau ta ce in juya baya za ta canja riga.

Na juya. Ina kallon bango ina jin tana fama da hannun riga, tana numfashi ta baki. Na ce, "Ke matar nan, bari in kama miki."

Ta ce, "Kai dai kalli bangonka. Ka ga dauɗar da ya yi? Bana ko farar ƙasa bai samu ba."

Akwai wata siririyar roba da ta fito daga gefenta na dama, tana ɗiga cikin 'yar kwalba. Ta saka kwalbar a jakar cefane ta rataya a kafaɗar hagu, tana yawo da ita a tsakar gida kamar mai shirin fita sayen kifi. Abin da ke cikin kwalbar ja ne. Wannan dai na iya rubutawa.

Laraba, 5 ga Yuni, da safe

Ja ne har yanzu. Ba ta ci komai ba sai shayi.

Ta kafa mini doka biyu. Ta farko, kada 'yarmu Benvinda ta ji, tana can Switzerland tana aikin otal, a bar ta sai ta zo hutun Agusta. Ta biyu, duk wanda ya tambaya a gari, matsarmama aka cire mata. Na ce ni ban iya ƙarya ba. Ta ce, "Ka iya shiru ai. Shi ne abin da na aura."

Sunan da likita ta faɗa ba zan rubuta shi a nan ba.

Jumma'a, 7 ga Yuni, da hantsi

Nas Graciete ta zo. Gajeriya ce, mai tuƙa 'yar farar mota kamar ana bin ta. Ƙauyuka da yawa ke wuyanta, mu Talata da Jumma'a muka samu. Deolinda ta kore ni waje kafin a buɗe bandejin, na zauna a dakali ina kallon shamuwar da ke kan bututun hayaƙin maƙwabta.

Da za ta tafi na raka ta mota. Ta ce mini ɗinkin ya yi kyau. Ta ce in bakinsa ya ɗan yi ja, ya ɗan kumbura, ya yi ɗumi a kwanakin farko, ba abin tsoro ba ne, jiki ne yake share wurin kafin ya fara gini. Abin tsoro shi ne jan ya yi ta faɗaɗa, ko zazzaɓi, ko wari.

Na ce, "Ta ina zan gani, ba a bari in gani?"

Ta kira ni yadda ake kiran dattawa a nan, ta ce, "Ti Firmino, kana da hanci, kana da tafin hannu. Yi aiki da su."

Asabar, 8 ga Yuni, da sassafe

Mutanenmu sun wuce gandun itatuwan da muke saɓe wa ɓawo, wanda ake yin toshiyar kwalba da shi. Na ji motarsu, na ji gaturansu suna karo a baya. Tun ina saurayi ban taɓa rasa lokacin saɓe ɓawo ba sai bana. Compadre Adelino, aminina kuma shugaban ayarinmu, ya tsaya a ƙofa ya ce, "Yaya mai matsarmama?" Na ce da sauƙi. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce gurbina yana nan.

Ba zazzaɓi. Ta ci rabin yankan burodi.

Talata, 11 ga Yuni, da rana

An cire robar. Abin cikin kwalbar ya riga ya koma ruwan ɗorawa, ya ragu sosai. Deolinda ta rataye jakar cefane a ƙusarta ta ce ta gaji da ɗaukar kayan da ba a dafawa. Da yamma na same ta tana shanya da hannu ɗaya, ta riƙe maƙalin shanya a baki. Na karɓe, ta ce na shanya riguna kamar an rataye ɓarayi.

Nas ta koya mata tsayawa gaban bango tana hawa da yatsun dama sama a hankali, don kada kafaɗar ta sandare. Yau ta kai daidai hancinta.

Rigunan da take sawa a ciki na tarar ta naɗe su duka ta tura ƙarshen durowa. Na rufe durowar.

Alhamis, 13 ga Yuni, da almuru

Yau bikin waliyyi Santo António. Ana gasa kifi a dandali, hayaƙin ya cika gari, ana kiɗa. Mun zauna a tsakar gida ƙarƙashin inabi, ta yafa mayafi a wannan zafin. Duk da ƙaurin kifin sai na ji wani wari daban, ɗan kaɗan, yana tasowa daga gefenta.

Na kai hannu goshinta, ta kauce. Na sake kaiwa. Zafi kamar dutsen da ya wuni a rana.

Ta ce, "Zafin gari ne."

Na ce, "Ni ma a garin nake."

Ta ce in na kira nas ranar biki ba za ta ƙara yi mini magana ba. Na kira. Nas Graciete ta ce in ba ta maganin zazzaɓi, gobe za ta fara da mu, in kuma jikinta ya soma karkarwa kada in jira kowa, in kira motar asibiti. Deolinda ta cika alkawari, ba ta yi mini magana ba.

Jumma'a, 14 ga Yuni, da la'asar

Na gani.

Ina dakali nas ta leƙo ta ce in shigo. Deolinda tana kwance, ta juya fuska bango. Nas ta riga ta kira likita a waya, an rubuta magani. Ta ce can ƙarshen ɗinkin, wajen hammata, mugunya ta taru a ƙasa. Ta warware ɗinkin wurin ta fitar da ita, yanzu akwai rami. Ba za a sake ɗinke shi ba. Kullum sai an wanke, an cusa masa auduga mai laima, an rufe. Ita ba za ta iya zuwa kullum ba. Ko dai wani a gida ya koya, ko a koma asibiti a kwanta.

Ta ce, "Dona Deolinda, akwai wata maƙwabciya da kika yarda da ita? Comadre ɗinki fa, uwar baftismar 'yarki?"

Deolinda ta ce wa bango, "Perpétua? Gara a buga a rediyo."

Can ta ce, "To ga shi nan tsaye kamar turke. Nuna masa."

Nas ta ɗaga audugar.

Ɗinkin ya taso daga tsakiyar ƙirji ya miƙe har hammata. Inda na sani tun daren aurenmu, inda Benvinda ta sha nono, yanzu fili ne, ana ganin haƙarƙari yana hawa yana sauka. Yawancin layin ya haɗe, siriri, ja. Sai ramin a ƙarshe, girmansa kamar ɓaure, cikinsa fari-fari da rawaya.

Na san tana jira in yi magana. Na duba cikina ban samu komai ba. Sai na ji bakina ya ce, "Wanda ya yi ɗinkin nan ya iya aiki. Layin a miƙe yake."

Ta juyo ta dube ni. Ta ce, "Abin da ka samu ka faɗa ke nan?"

Na ce, "Shi ke nan."

Sai ta fara dariya, tana riƙe gefenta tana cewa kada in ba ta dariya ciwo take ji. Dariyar ta juye ta zama wani abu. Nas ta shiga laluben jakarta, ta daɗe tana neman abin da ba ta ɓatar ba.

Lahadi, 16 ga Yuni, da safe

Jiya da yau ni na yi. In wanke hannu har gwiwa, in sa safar hannu, in cire tsohuwar auduga da hantsaki, in zuba ruwan gishirin asibiti, in cusa sabuwa a hankali kada in danna. Safar ta yi mini kaɗan, biyu sun yage. Hannun da ya riƙe gatari tun yana yaro, yau hantsaki ya gagare shi, har na ce mata ba zan iya ba.

Ta ce, "Kai mutumin nan, numfasa mana. Kada ka faɗo mini."

Zazzaɓin ya sauka. Warin ya ragu. Ba ta ci ba.

Talata, 18 ga Yuni, da yamma

Mun je birni. Likita ta yi magana mai tsawo, ta zana mana abu a takarda. Sun samu abin a wurin da ba su so su samu ba. Akwai sauran magani, na watanni, ta jijiya ake sa shi. Ba za a fara ba sai ciwon ya rufe. Kuma ba a so a daɗe.

A bas Deolinda ta yi ta kallon gonakin alkama. Ta ce an yi girbi da wuri bana.

Laraba, 19 ga Yuni, da rana

Na kira nas na tambaye ta me ke sa ciwo ya rufe da sauri. Ta ce ba sihiri, sabon nama da abinci ake yin sa. Ƙwai, kifi, wake, cuku. Ta ce, "Magini ba ya gini ba bulo."

Na shiga kicin. Na daka tafarnuwa da ganye da gishiri, na zuba man zaitun da tafasasshen ruwa, na yayyanka tsohon burodi a ciki, na fasa ƙwai biyu a kai. Abin da take yi mini ke nan tun ban san ana gode wa mai girki ba. Nawa ya fito kamar abin da ake ba kaji.

Ta ɗanɗana ta ce, "Wa ya mutu ka dafa wannan?" Sai ta ji abin da ta faɗa, ta ajiye cokali. Na ɗauki cokalin na mayar mata a hannu.

Asabar, 22 ga Yuni, da hantsi

Comadre Perpétua ta gaji da a ce mata ana barci. Ta ture ni a ƙofa ta shige, da kwalbar zuma a hannu da damin ganye a hammata. Ita ta riƙe Benvinda ranar baftisma, tun daga ranar take ganin gidan nan rabinsa nata ne.

Ta tsaya kan Deolinda ta riƙe ƙugu ta ce, "Comadre, tun yaushe matsarmama ta koma ƙirji?"

Deolinda ta harare ni. Na ce wallahi ban buɗe baki ba.

Perpétua ta ce, "Bar shi, wannan ko wuta ta kama wandonsa ba zai faɗa ba. Gari duk ya sani tun ranar da kika dawo. Muna dai jira ki gama wasanki."

Ta ce a buɗe ciwon ya sha iska, a shafa zuma, ya bushe ya yi ɓawo, haka kakarta take yi. Na ce a'a. Nas ta ce irin wannan ba a so ya bushe, a cikin laima sabon nama yake tafiya, kuma in baki ya rufe ciki bai cika ba, mugunya za ta sake taruwa a ƙasa. Daga ƙasa ake so ya ciko. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ji likita. Compadre, yaushe ka gama makaranta ba a gayyace mu ba?"

Zumar dai ta tsaya, a shayi. Na bar su na fita. Ta taga na ji suna magana ƙasa-ƙasa, sannan na daina jin komai, na daɗe ban koma ba.

Litinin, 24 ga Yuni, da sassafe

Ƙarar bokiti ta tashe ni. Na leƙa na ga Perpétua da mata uku na layinmu, sun ɗaure kai, suna shafa wa gaban gidanmu farar ƙasa kafin rana ta yi zafi. Ba wadda ta yi sallama, ba wadda ta shigo. Har shuɗin layin ƙasa da na gefen taga sun sabunta.

Deolinda ta tsaya bayan labule tana kallo. Ta ce, "Sun bar wani wuri a saman ƙofa." Ta saki labulen.

Da na buɗe ciwon yau na tsorata. Cikinsa ya yi ja jawur, ƙwaya-ƙwaya, na ɗan taɓa sai jini.

Talata, 25 ga Yuni, da hantsi

Nas ta duba ta ce, "Ka ga abin da muke nema." Ta ce wannan ja mai kama da 'ya'yan rumman shi ne sabon naman, cike yake da ƙananan hanyoyin jini, shi ya sa yake saurin zubarwa. In na ga haka in yi murna. Fari da rawaya su ne abokan gaba.

Na yi murna har na ba nas kwandon ɓaure. Deolinda ta juya fuska bango.

Alhamis, 27 ga Yuni, da yamma

Na gano inda ƙwai yake zuwa. Kwana da kwanaki ina ɗaukar kwano fes ina jin daɗi, ina kuma mamakin yadda kyanwarmu take ƙiba. Yau na dawo ɗaukar gishiri na same ta tana juye kwanon a ƙasan tebur.

Na ce, "Me ke nan?"

Ba ta ko ɓoye ba. Ta ce, "Ka ji abin da likita ta ce. Sai ya rufe za su fara."

Na ce, "Shi ya sa nake dafawa."

Ta ce, "Shi ya sa nake ba kyanwa."

Ta ambaci yayarta, Gertrudes. Ta ce ita ta yi jinyarta, ta riƙe mata tasa, ta ga abin da maganin ya mayar da ita, kuma a ƙarshe duk ɗaya. Ta ce muddin ramin nan yana buɗe tana gidanta, tana jin kajinta, ina wanke mata ciwo da safe. Me ya fi wannan?

Na ce zamanin Gertrudes daban, likita ma ta faɗa. Na ce wasu abubuwa kuma, da murya sama, waɗanda ba zan rubuta ba. Na ɗauki hula na tafi gandu, na zauna cikin itatuwan da aka saɓe makon jiya. Na yi ta zama har tururuwa ta kore ni.

Jumma'a, 28 ga Yuni, da safe

Ba mu yi magana ba. Na wanke ciwon. Da kanta ta ɗaga mini hannu.

Asabar, 29 ga Yuni, da rana

Ba mu yi magana ba. Na dafa, na ajiye, na fita da kyanwar.

Lahadi, 30 ga Yuni, da la'asar

Benvinda ta kira ta wayar da ake ganin fuska. Deolinda ta yafa mayafi, ta gyara murya, ta yi ta ba ta labarin kaji da farar ƙasa. Can yarinyar ta katse ta. Ta ce, "Mama, me ya sa kike shan kofi da hannun hagu? Makon jiya ma haka. Kuma mayafin mene ne a ƙarshen Yuni? Ba ni Baba."

Na karɓa. Ta ce, "Baba, dube ni."

Na dube ta. Iyakar abin da na yi ke nan.

Faɗan da ta yi mana, rabi da harshenmu rabi da na can, har Perpétua ta jiyo ta katanga. Ta ce mun mayar da ita baƙuwa. Ta ce ashe haihuwarta aka yi don a riƙa aiko mata da cuku kawai. Deolinda ta karɓe wayar ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Sun daɗe.

Da ta fito idonta ya kumbura. Ta zauna kusa da ni a dakali, inda ba ta zauna ba tun dawowarmu, mutane suna wucewa suna gaishe ta tana amsawa.

Na ce mata, ba tare da na kalle ta ba, "Ni ban iya zama ni kaɗai ba. Ban taɓa koya ba, kuma na tsufa da koyo."

Ta ce, "Hantsaki ma ai ka ce ba za ka iya ba."

Na ce, "Wannan daban."

Ta juya ta gaida wata mai wucewa.

Talata, 2 ga Yuli, da rana

Ta ci ƙwai biyu a gabana, ta suɗe kwanon da burodi. Ta ce, "Kada ka ɗauka na yarda da maganarka. Na dai duba ne na ga in na bar ka da girkin nan, ba za ka kai Kirsimeti ba."

Kyanwa tana ta zagaya tebur tana kuka. Deolinda ta ce mata, "Je ki kama ɓera kamar kowa."

Jumma'a, 5 ga Yuli, da hantsi

Ramin ya ciko ya zo daidai da fata. Yanzu ba a cusa komai, rufewa kawai ake yi. A gefe-gefensa akwai wani siririn zobe, fari-fari mai ɗan ja, kamar fatar cikin leɓe. Na ɗauka datti ne har na so in goge. Nas ta riƙe mini hannu ta ce, "Kul. Sabuwar fata ce, daga baki take rarrafowa zuwa tsakiya. In ka goge ka mayar mana da aiki baya."

Kuma ciwon yana tsukewa da kansa, kamar ana jan bakin jaka.

Na ce wa nas haka itacenmu yake. In ka saɓe ɓawon da kyau, jikin ya fito ja, a hankali ya yi duhu, ya sake yin wani. Deolinda ta ce, "Ni ba itace ba ce. Kuma nawa ba zai sake fitowa ba. Rufe ni, sanyi nake ji."

Gaskiyarta. Na rufe ta.

Lahadi, 7 ga Yuli, da yamma

Ƙaiƙayi ya hana ta sakat. An hana susa. Sai in sa tafin hannu a kan bandejin in ɗan danna, in bar shi nan har ya lafa. Ta ce abin mamaki, wurin yana ƙaiƙayi amma ba ta jin hannuna, kamar ta cikin bargo nake taɓa ta. Nas ta ce jijiyoyin ji ne aka yanke, wasu za su farfaɗo, wasu ba za su ba.

Na ce in cire hannun ke nan tunda ba ta ji. Ta ce, "Wa ya ce ka cire?"

Yatsunta a bango sun wuce kanta.

Laraba, 10 ga Yuli, da la'asar

Benvinda ta iso. Ba ta jira Agusta ba. Ta rungume uwarta ta gefen hagu, ni kuma ta ce sai ta huce tukuna. Ba ta kai yamma ba ta huce, ta zo ta kwantar da kai a kafaɗata ina yanka albasa, ta ce ba haka ake yankawa ba.

Ta so ta karɓi wankin ciwon. Ta ce, "Baba, ka huta, aikin mata ne." Har ta sa safar hannu.

Deolinda ta ce, "Cire. Ubanki ne mai wannan aiki. Ke je ki cece mu daga kicin."

Na yi kamar ban ji ba, na tafi wanke hannu. Na daɗe ina wankewa.

Ciwon ya koma kamar ƙwayar wake.

Asabar, 13 ga Yuli, da safe

Kamar ƙwayar alkama. Ba zazzaɓi. Ta ci, har ta nemi ƙari.

Ina so ya rufe. Na rubuta don in gani da idona. Ina so ya rufe.

Talata, 16 ga Yuli, da hantsi

Ya rufe.

Nas ta ɗaga bandejin, ta kai fuska kusa, ta shafa da yatsa. Fata ce, siririya, tana sheƙi. Ta ce tabon zai yi ja, zai ɗan tashi, ya yi tauri, sannan a hankali ya kwanta ya koɗe, abin zai ɗauki shekara ko fiye, don a ƙasa jiki bai gama saƙarsa ba. Ba zai taɓa kai ƙarfin fatar da ba, kuma kada rana ta gan shi. Ta ce, "Ti Firmino, an sallame ka daga aiki."

Ta kira birni a gabanmu. Ranar Litinin za a fara.

Na tattara hantsaki da sauran auduga na zuba a kwali. Na rasa inda zan ajiye kwalin, na yi ta yawo da shi a gida har Benvinda ta karɓe.

Alhamis, 18 ga Yuli, da safe

Na tashi na wanke hannu har gwiwa kafin na tuna.

Lahadi, 21 ga Yuli, da yamma

Bayan mun ci abinci Deolinda ta fito da kujera tsakar gida, ta yafa tawul a kafaɗa, ta miƙo mini almakashin ɗinkinta. Ta warware ɗankwali, kitsonta ya sauko har tsakiyar baya, guda ɗaya, fari da baƙi a cakuɗe. Tun ina zuwa zance ban taɓa ganin an taɓa shi da almakashi ba.

Ta ce, "Likita ta ce zai zube. Ba zan tsaya ina tsintarsa a matashi ba. Gara in bayar da kaina."

Benvinda ta ce, "Mama, bari gobe in mun fito in kai ki wurin masu gyaran gashi."

Ta ce, "A'a. Hannun nan na saba da shi."

Na kama kitson. Ya fi yadda nake zato nauyi. Almakashin ya yi ta cizo yana ƙi, sai da na bi shi kaɗan-kaɗan. Da ya rabu na miƙa wa Benvinda, ta karɓa hannu biyu ta shige ɗaki da shi, ba ta fito da wuri ba. Na ci gaba da rage sauran. Gefe ɗaya ya fi ɗaya, in gyara wannan sai wancan ya fi. Ƙeyarta ta fito fara, ƙarama, kamar ta yarinya. Perpétua ta leƙo ta katanga ta ce ta ga tumakin da aka yi wa askin da ya fi wannan. Deolinda ta ce mata tumaki ba su da miji.

Ina gyara bayan kunne ta juya don ta ƙara wa Perpétua wata maganar, bakin almakashin ya ɗan cije ta. Jini ya fito, ɗigo ɗaya, ya tsaya a gefen kunnen.

Ta taɓa ta dubi yatsanta. Ta ce, "Kun ga mutumin nan. An sallame shi daga aiki, ya je ya buɗe wa kansa wani."

Na danne wurin da babban yatsa. Da na ɗaga na duba, ya riga ya tsaya da kansa. Na mayar da hannun na bar shi a nan, a gefen wuyanta. Ta ce nan kam tana ji.

Gobe bas ɗin safe za mu bi.